Ƙulli Uku a Likkafanin Tulba

Shekara arba'in da ɗaya ina wankan gawa a unguwarmu, nan gefen babbar maƙabartar Alƙahira, ban taɓa jin tsoron mamaci ba. Mamaci ba ya yi maka komai. Tsoro mafi girma da na taɓa ji mai rai ne ya jawo mini shi, ranar sha tara ga azumin bara waccan.

Sunana Zaglul. Karatuna bai wuce na allo ba, shi ma ban yi nisa ba, amma na san aikina, kuma ba na wasa da shi.

Azumin nan, da an sha ruwa an yi sallah, unguwa gaba ɗaya sai ta koma gaban talabijin don kallon Tulba. Shekara ta uku ke nan ana nuna shi kowane azumi. Tulba ɗan daba ne a cikin wasan, mai wuƙa biyu da tsaga a gira, kuma ba a rufe dare bai kwantar da mutum uku ko huɗu ba. An harbe shi, an sare shi, an jefa shi a kogi, gobe sai ka gan shi yana shan shayi. Matata Nafusa ɗanta take kiransa. Ni kuwa na tsane shi, kuma ina da dalili. Tun da aka fara wasan nan na wanke samari uku na layinmu, dukansu wuƙa ce, dukansu da tsagar nan a gira da suka yi wa kansu da reza. Hannuna ne ya rufe raunukan da auduga. Su ba su tashi washegari sun sha shayi ba.

Hanafi, ƙanin Nafusa, shi ke kula da kaburburan ɓangarenmu. Shi ya zo mini da wani siriri mai tabarau da jajayen idanu, ya ce Ustaz Wagdi ne, daraktan wasan. Masu shirya wasan nan ba sa gama aiki kafin azumi. Abin da suka ɗauka yau shi za a nuna gata, shi ya sa kullum kamar ana korarsu.

Wagdi ya sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa abin da zai gaya mini ba, har matata. Na rantse. Sai ya kira ni Ammu, wato Baffa, ya ce, "Ammu Zaglul, so muke mu kashe Tulba."

Na ce, "Kun makara da shekara biyu."

Ya yi dariya ba ƙarfi. Ya ce so yake a yi jana'izar yadda ake yi, ba irin ta wasa ba da ake lulluɓa zanen gado. Ya ce masu tashar talabijin ɗin ba sa so, mutane kuma za su zage shi har kakansa, amma duk mai kallo ya riga ya san ba abin da zai sami Tulba, shi ya sa babu mai jin tsoro in an zare wuƙa. Ya ƙara da cewa masu kallon ma sun fara raguwa.

"Wato don kallo ya ragu ne," na ce.

"Duka biyu ne, Ammu. Ba zan yi maka ƙarya ina azumi ba."

"Waɗanda ya kashe fa, shekara uku? Wa ya yi musu sutura?"

"Waɗannan ko suna ba su da shi a takarda."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Amma na yarda. Na ce a raina samarin layinmu su ga gwaninsu a naɗe cikin farin yadi, su ga an zuba ƙasa, ko wani zai mayar da wuƙarsa kicin.

Ranar da zan tafi wurin ɗaukar wasan, Nafusa ta gan ni ina yanka yadi. Ta ce wa ya rasu ba ta ji ba. Na ce wani ne da ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ana ta raɗe-raɗin za a kashe mata ɗa a wasan, kuma in suka yi ba za ta yafe ba.

"Mutumin da babu shi za ki ƙi yafewa a kansa?"

"Yana shigo mini ɗaki kowane dare shekara uku, Alhaji. 'Ya'yan da na haifa ma sai da salla nake ganinsu. Kai ne za ka ce mini babu shi?"

Na naɗe yadina na fita.

Kabarin da Hanafi ya samo musu sabo ne, na wasu attajirai da ke ƙasar waje, ba a taɓa sa kowa a ciki ba. Tsakar gida ce mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. A tsakiya an ɗaga duwatsu takwas da ke rufe bakin matakala, ana ganin matakalar ta gangara zuwa ɗakin da ake kwantar da mamata a kan yashi. Ma'aikatan ba su fi goma sha biyu ba, don kada maganar ta fita.

A nan na fara ganin Fikri, wanda ke fitowa a Tulba. A talabijin ƙato ne. A gabana kuwa mutum ne ɗan shekara hamsin, ya rina gashi, leɓensa ya bushe da azumi. Ya zauna a kan makara yana kallon yadin.

"Ammu, ka taɓa naɗe wanda ke yi maka magana?"

"Kai ne na farko mai surutu. Kwanta."

"A hankali dai, ni sabon shiga ne."

Ina shimfiɗa yadin ya jawo ni kusa, ya ciro wani ɗan abin shaƙa daga aljihu, ya nuna mini, ya mayar cikin rigarsa da ke rataye. Ya ce yana da ciwon ƙirji tun yana yaro, numfashi kan sarƙe masa, amma kada in faɗa, don in masu wasa suka ji ba mai sake ba shi aikin gudu da faɗa. Na ce to ya bari a sa gunki a madadinsa. Ya ce Wagdi so yake a ga fuskarsa ana rufewa har a sauka da shi, ba tare da an yanke hoton ba.

"Shi a ganinsa in na mutu samari za su ajiye wuƙa," in ji shi. "Ni na fi shi saninsu. Wasa ta za su yi ta ƙara kaifi, su ce fansar Tulba za su ɗauka. Amma wa ke tambayar gawa ra'ayinta?"

Ni dai ban taɓa duban abin ta nan ba.

Yadi uku na sa masa, kamar kowane namiji. Ƙulli uku: ɗaya a saman kai, ɗaya a tsakiya da ke riƙe hannuwa, ɗaya a ƙafa. Kowa ya san in an kwantar da mamaci a kabari ana kwance ƙullin nan kafin a fito. Ban taɓa barin mutum a ɗaure ba. Na gaya wa Wagdi haka, ya ce a'a. Ya liƙa wata ƙaramar kyamara a bangon ɗakin, yana so a ga haske yana ƙanƙancewa a kan likkafani yayin da ake mayar da duwatsu, kuma in yadin ya saki za a ga ƙirji yana motsi.

"Minti huɗu ne kacal, Ammu. Ana zuba ƙasa in ce a tsaya, a buɗe. Rana tana faɗuwa, in hasken nan ya wuce mun rasa yau."

Na ce ba a yin haka. Ya ce wannan ai ba mamaci ba ne. Muna cikin ja-in-ja sai muryar Fikri ta fito daga cikin yadin, a daƙushe: "Bar shi, Ammu, mu gama, ƙishi nake ji."

Na bari. Wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa. Na yi niyyar in sassauta ƙullin, amma hannu ya saba da abin da ya saba.

Muka sauka da shi, ni da Hanafi da mutanensa biyu, muka kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla. Ɗakin ya ɗauki zafin yini gaba ɗaya. Na taɓa kafaɗarsa na fito. Suka jera duwatsun, Hanafi ya bi tsakaninsu da laka yana toshewa yadda yake yi kullum, aka ja yashi aka rufe, aka yayyafa ruwa. Kyamara tana ɗauka, kowa ya yi tsit. Ni ina ƙirgawa a zuci.

Sai aka fara dukan ƙofar ƙarfen.

A unguwarmu ba ka shigo da makara da kyamara a yini ɗaya ka ce ba wanda ya gani. Kafin Wagdi ya buɗe baki sakatar ta karye, mutane suka kwararo, maza da mata, sun fi ɗari. A gaba akwai Ashur mahauci, da rigar aikinsa. Can baya na hango mayafin Nafusa. Tsakar gidan ta cika, kuma inda ya fi sarari shi ne kan jiƙaƙƙen yashin nan. Nan suka tsattsaya.

"Ina Tulba?" in ji Ashur, yana fuskantar Wagdi. "An ce yau za ku kashe shi. Basha, ranka ya daɗe, mun biyo ka shekara uku, ka saka mana da haka?"

Wagdi ya ɗaga hannuwa yana murmushi. Ya ce Fikri ma ba ya nan, yana gida yana jiran shan ruwa, wannan jana'izar wani ɗan aiken mugu ce a cikin wasan. Wani ya ce ƙarya ne, an ga motarsa. Wata tsohuwa ta ce in dai Tulba ya mutu to me ya rage wa talaka, shi kaɗai ne ke rama mana. Wani malamin makaranta ya ce shi ya zo ne ya ce a kashe shi ɗin, ɗalibansa sun lalace, nan take aka yi masa ca. Suna ta musu a kan ko ya dace mutumin ya mutu, suna tattaka ƙasar da ke kansa.

Na kutsa na kama hannun Wagdi. Na ce a buɗe yanzu.

Ya yi magana ta gefen baki, murmushin bai bar fuskarsa ba. "Saura minti goma a buga igwar buɗe baki, duk za su watse su je shan ruwa. In na buɗe yanzu, wayoyi ɗari za su ɗauka, kafin isha'i ƙasar nan kaf ta sani. Ɗakin babba ne, iskar ciki ta ishi mutum yini guda."

"Ta ishi mai buɗaɗɗiyar fuska. Wannan yadi uku ne a hancinsa, hannunsa a ɗaure, kuma yana da ciwon ƙirji."

Ya dube ni. Na ga maganar ta shige shi, na kuma ga ya ture ta. "Fikri ƙwararre ne. Minti goma. Ka riga ka rantse, Ammu, kar ka manta."

Wani mai riƙe da fitila ya kira shi, ya juya. Na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Minti huɗu sun wuce tuni, na daina sanin ko bakwai ne ko tara. Na duba ɗan allon da ke nuna cikin ɗakin, baƙi ƙirin, ba komai. Na ce wa kaina mai ilimi ya ce iska ta isa, ni wane ne. Na ce wa kaina rantsuwa da sunan Allah ba abin wasa ba ce. Ina faɗa wa kaina waɗannan ina kallon ƙafafun mutane a kan yashin, silifa da takalma, wani yana buga dunduniya don jaddada maganarsa.

Wata mata ce ta ja rigata, Madam Suhair, mai ɗaukar sauti. Tana zaune a jikin katanga da abin sauraro a kunne, kuma fuskarta ta sauya. Ta cire shi ta ɗora mini a kai. Ashe sun maƙala wa Fikri ɗan abin ɗaukar magana a ƙirji.

Hayaniyar tsakar gidan ta ɗauke. Na ji wani siririn fito, kamar na buta in ruwa ya kusa tafasa, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar. Na ji yadi yana gogar yashi. Na ji ana buga wani abu a bango, a hankali, ina jin ƙafa ce. Sannan a cikin fiton nan na ji kalma ɗaya, "Ammu."

Bugun ya tsaya. Fiton ya ƙara sirancewa, ya yi nisa, har na rasa ko ina jinsa ne ko kunnena ne ke ƙara.

Ban san lokacin da na isa tsakiyar yashin ba. Ina da wata murya da nake amfani da ita a jana'iza in dangi sun fara faɗa a kan gawa. Ita na ɗauko.

"Ku ɗaga ƙafafunku. Akwai mutum a ƙasa."

Ashur ya ce, "Wane ne, Ammu Zaglul?"

"Fikri ne."

Sun san ni, sun san aikina, don haka abin da suka fahimta shi ne mutumin ya mutu da gaske. Wata mata ta rushe da kuka, sauran suka kama, jama'a suka ƙara matsowa kan duwatsun kowa yana son ya taɓa ƙasar. Na ji Wagdi yana cewa tsohon ya rikice. Na durƙusa na fara tona yashin da hannu, ana tattaka mini yatsu.

"Da ransa," na ce wa Ashur, na riƙe ƙafar wandonsa. "Da ransa muka sa shi. Numfashinsa ya ɗauke. Kore su."

Allah ya saka wa mahaucin nan. Ya buɗe hannuwa ya tura mutane baya kamar yana kora shanu, maza suka zube suna tona da hannu da takalma, Hanafi ya kawo ƙarfensa na ɗaga duwatsu. Ana cikin haka aka buga igwa, masallatai suka ɗauki kiran sallah, ba wanda ya nemi ruwa. Lakar ta riga ta kama. Dutse na farko ya ƙi, ya ƙi, sannan ya ɗago, wani zafi ya bugo mu daga ciki. Aka ɗaga na biyu, ban jira na uku ba. Na zura jikina ta ɗan ramin, ƙafata ta zame, na gangara matakalar da baya.

Ba ya inda na kwantar da shi. Ya mirgina har jikin bango, ya kife, fuskarsa cikin yashi. Na juyo shi, nauyinsa irin nauyin da na sani ne, wanda ba ya taimakon mai ɗagawa. Na kai hannu ga ƙullin kai. Fafutukar da ya yi ta ƙara tsuke shi, ya zama kamar tsakuwa. Ƙullin da na yi sau dubbai, yatsuna suka kasa. Ina ja, farcena ya karye, ina kiran sunan Allah ina kiran sunan mutumin. Daga ƙarshe na sa sauran haƙoran da suka rage mini na ciji yadin a daidai goshinsa, na yage na farko, na yage na biyu, na uku ya manne a bakinsa, jiƙe.

Wani ya haska fitilar waya daga sama. Fuskar ta yi toka-toka, leɓen ya yi shuɗi, idanu a rabin buɗe. Shekara arba'in da ɗaya, in na shiga ɗaki kallo ɗaya nake yi in sani. Ranar na duba, na sake dubawa, ban sani ba. Na sa kunne a ƙirjinsa, bugun zuciyata ya hana ni jin komai.

Aka ɗaga sauran duwatsun, hannuwa suka miƙo, muka fito da shi sarari. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikin matan da suka zo faɗa ta ture ni, ta share yashin bakinsa da yatsa, ta hura masa iska, ta danna ƙirji, ta sake hurawa. Na tuna abin shaƙar, na ce a duba aljihun rigarsa, Madam Suhair ta ruga ta kawo. Mutum ɗari a tsakar gidan nan, ba ka jin komai sai ƙirgen matar da ladanin da ke ƙarasa kira.

Ya yi tari. Wani mummunan tari mai yashi, jikinsa ya lanƙwashe, fiton nan ya dawo. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Na zauna a ƙasa. Nafusa ce ta zo ta sa mini kofin ruwan tsamiya a hannu, ta riƙe hannun don kada ruwan ya zube.

Wagdi ya nuna jana'izar a dare na ashirin da biyu, duk da hotunan waya sun riga shi zagaya gari. Ya yanke ta daidai inda aka yayyafa ruwa. An ce mutanen da suka tono shi da hannunsu ma sun yi kuka da suka gani. Rabin gari suka ce ya yi daidai, rabi suka tsine masa. Wuƙa a layinmu kuwa, ban ga ta ragu ba, ban kuma ga ta ƙaru ba. Ni ban kalla ba. Bayan salla na yi azumi uku na kaffarar rantsuwata.

Kwana huɗu da faruwar abin na je duba Fikri a asibiti. Yana zaune a gado, ya ture mayafin can ƙasan ƙafarsa, an buɗe masa taga da ƙofa duka. Matarsa ta ce haka yake kwana, a zaune. Na gaishe shi, ya amsa da wata murya kamar ta tsoho.

Ya kama wuyan hannuna, ya juya shi yana kallon karyayyen farcen.

"Na kira ka, Ammu."

"Na ji."

"Sau tara. Ina ƙirgawa."

"Ɗaya na ji," na ce. "Na ƙarshen."

Ya gyaɗa kai. Bai saki hannun ba, ni ma ban janye ba, har aka zo aka ce lokacin ziyara ya ƙare.